Martani Ga Mai Cewa Coci Ba Ta Da Rabo A Faɗuwar Mulkin Wariya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan Afirka ta Kudu, inda ya kafa hujjarsa a kan abu uku. Na farko, cocin Turawa ce ta haifi wariyar launin fata, ta raine ta, ta sa mata albarka. Na biyu, abin da ya kayar da mulkin wariya shi ne takunkumi da yajin aiki da jinin yaran Soweto, su kuwa limaman coci ihu bayan hari suka yi. Na uku, wa'azin yafiya irin na Desmond Tutu ne ya sa baƙar fata suka tashi hannu rabbana, Turawa suka ci gaba da riƙe gonaki da bankuna. Daga nan ya yanke hukunci cewa tauhidin Kirista ba shi da abin da zai ba mai neman adalci tsakanin jinsuna, sai dai ya sanyaya masa jiki.

Ni Musulmi ne, ba ni da cocin da zan kare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Malam ta farko, wadda na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ita ce da kanta ke rushe ta biyu.

Bari ma in ƙara masa hujja a kan ta farkon, domin bai ba ta haƙƙinta ba. Babbar cocin Turawan Afrikana, jikokin mutanen Holan da suka fara sauka a Cape a 1652, ita ce wadda ake taƙaita sunanta da NGK. A 1857 majalisarta ta zauna kan wata matsala: wasu Turawa sun ƙi zama teburi ɗaya da baƙaƙen da suka karɓi addinin a lokacin Jibin Ubangiji, sun ƙi shan ƙoƙon da bakin baƙar fata ya taɓa. Majalisar ta amsa cewa abin da Littafi Mai Tsarki ke so shi ne a yi sujada tare, amma saboda raunin wasu, an yarda a ware wa baƙaƙe gininsu dabam. Sun san gaskiya ke nan, suka kauce mata don kada a ɓata wa masu ba da baiko rai. Abin da aka yi da sunan lalura sai ya zama al'ada, a 1881 aka kafa wa 'yan ruwa biyu cocinsu mai zaman kanta, daga baya aka yi wa baƙaƙe da Indiyawa haka. Kafin a kafa mulkin wariya, coci ta yi shekara kusan 90 tana gwada ta duk ranar Lahadi. Da jam'iyyar Turawan Afrikana ta ci zaɓen 1948, wanda ya zama firaminista, D.F. Malan, tsohon limamin NGK ne. Dokar hana auratayya tsakanin jinsuna ta 1949 abu ne da cocin ta daɗe tana roƙo. Har a 1974 majalisar ƙolinta ta amince da wani rahoto da ya jingina da labarin Hasumiyar Babila, wai Allah ne ya rarraba al'ummai, don haka raya kowane jinsi dabam bai saɓa wa nassi ba.

To Malam, idan haka ne, ka amsa cewa wariya aƙida ce kafin ta zama doka. Murhu ne mai duwatsu uku: bindiga, kuɗi, da imanin Bature cewa abin da yake yi ibada ne. Turawa ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar ba. Gwamnati irin wannan tana buƙatar ɗan sandan da zai harbi ɗalibi ranar Laraba, ya je coci ranar Lahadi, ya kwana da zuciya ɗaya. Tana buƙatar uwar da za ta miƙa ɗanta aikin soja ba tare da tambaya ba. Takunkumi na iya taɓa dutsen kuɗi, 'yan gwagwarmaya na iya taɓa dutsen bindiga, amma wa zai iya zare na ukun in ba mutumin da ya san littafin da aka kafa hujjar da shi ba? Babu wani ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya da zai gamsar da manomin Afrikana cewa limaminsa ya karkatar da aya. Wannan aiki ne na masu tauhidi, kuma sun yi shi.

Kuskuren Malam na gaba shi ne kuɗin goro da ya yi wa kalmar coci, kamar dai duk Kiristan ƙasar Bature ne. Mafi yawan Kiristocin Afirka ta Kudu baƙar fata ne. A cikin wani ginin cocin Methodist a Bloemfontein aka kafa ƙungiyar da ta zama ANC a 1912, shugabanta na farko kuma, John Dube, fasto ne. Z.R. Mahabane, wanda ya shugabance ta sau biyu, fasto ne. James Calata, babban sakatarenta daga 1936 zuwa 1949, limamin Anglika ne, kuma jikansa Fort Calata yana cikin mutum huɗun Cradock da jami'an tsaro suka kashe a 1985. Albert Luthuli, baƙar fatan Afirka na farko da ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya, mai wa'azi ne a cocinsu, kuma bai taɓa ɓoye cewa imaninsa ne ya shigar da shi gwagwarmaya ba. Waƙar da aka yi ta rerawa a jana'izar waɗanda aka harbe, wadda yau take cikin taken ƙasar, waƙar addu'a ce da wani malamin makarantar mishan, Enoch Sontonga, ya tsara a 1897. Da wane ma'auni Malam ya mallaka wa Malan Littafi Mai Tsarki, ya hana Luthuli? Mutanen nan sun karanta labarin fitar Isra'ilawa daga hannun Fir'auna, sun ga kansu a ciki, kuma ba su nemi izinin kowa ba.

Sai maganar ihu bayan hari. A ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka kashe mutum 69 a Sharpeville. A watan Disamba na shekarar Majalisar Coci-coci ta Duniya ta tara wakilan coci-cocin ƙasar a Cottesloe, cikin Johannesburg, har da na NGK. Suka fito da matsaya cewa ba a hana mai bi shiga kowace coci saboda launinsa, kuma babu hujjar nassi a hana auratayya. Firaminista Verwoerd ya hura wuta, majalisun NGK suka yi watsi da abin da wakilansu suka sa wa hannu, suka fice daga majalisar ta duniya a 1961. Kusan kowa ya janye, ban da mutum ɗaya da ya kamata Malam ya tsaya ya duba da kyau.

Beyers Naudé ɗan gida ne na sosai. Sunan wani janar na yaƙin Turawan Afrikana da Ingila aka sa masa. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa Broederbond, ƙungiyar asirin da ke juya gwamnati da coci daga bayan fage, Beyers ma ɗan ƙungiyar ne. A 1963 aka zaɓe shi shugaban majalisar cocin a kudancin Transvaal, ana masa hasashen muƙamin da ya fi haka. A shekarar ya kafa wata cibiya ta Kiristoci ba tare da bambancin launi ba, sai coci ta ce ya zaɓa: ko cibiyar, ko limanci. Ya hau mumbarin cocinsa ta Aasvoëlkop ya yi wa'azi a kan Ayyukan Manzanni 5:29, ayar da ke fifita biyayya ga Allah a kan biyayya ga mutane. Ranar ban kwana ya tuɓe rigar limanci a gaban mabiyansa ya sauko. Abokan da suka tashi tare suka daina gaishe shi, aka riƙa kiransa maci amanar ƙabilarsa. A watan Oktoba 1977 gwamnati ta haramta cibiyar, ta yi masa ɗaurin talala na shekara bakwai: ba ya fita daga yankin Johannesburg, ba ya zama da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, ba jaridar da ta isa ta ambaci maganarsa. Ya koma yin sujada a cocin baƙaƙe ta unguwar Alexandra, inda aka watsa tokar gawarsa bayan mutuwarsa a 2004. A 1963 Mandela na kurkuku, ANC haramtacciya ce, tattalin arzikin ƙasar na bunƙasa, babu wanda ke hango faɗuwar mulkin. Wannan shi ne bayan hari?

Shekarun 1980 kuwa a nan aka yi gumurzun aƙida na gaske, kuma waɗanda aka ware a 1881 ne suka jagorance shi. A watan Agusta 1982 ƙungiyar coci-cocin Reformed ta duniya ta yi taro a Ottawa, ƙasar Kanada. Ta ayyana wariya a matsayin zunubi, kare ta da nassi kuma karkatacciyar koyarwa ce, ta dakatar da NGK, ta zaɓi Allan Boesak, limami daga cocin 'yan ruwa biyu, ya zama shugabanta. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma a tsarin waɗannan coci-coci babu hukuncin da ya fi shi nauyi. An fitar da wariya daga sahun ra'ayin siyasa da masu bi za su iya saɓani a kai, an ce wanda ya kare ta da sunan Allah ya taɓa tushen addinin. Bayan wata biyu cocin Boesak ta zauna a Belhar, wata unguwa a Cape Town, ta tsara sabuwar shaidar bangaskiya, wadda ta tabbatar a 1986. Ta tsaya a kan haɗin kan masu bi, da sulhu, da adalci, ta kuma ce Allah yana tare da matalauta da waɗanda aka zalunta ta wata hanya ta musamman, don haka inda ya tsaya nan coci za ta tsaya. 'Yar da aka kora daga teburi ce ta juyo ta ce wa uwar ta saki hanya, da harshen uwar, da littafinta.

A 1985, cikin dokar ta-ɓaci, wasu masu tauhidi, yawancinsu baƙaƙe daga Soweto da kewaye, suka fitar da takardar Kairos, mutum sama da 150 suka sa hannu. Sun soki tauhidin gwamnati, wanda ke kafa hujja da Romawa sura 13 cewa bin mahukunta wajibi ne ko da azzalumai ne. Sannan suka juya kan coci-cocin masu jin Turanci, waɗanda ke yin Allah wadai da wariya a takarda amma suna kiran a sasanta, a daina tashin hankali daga ɓangarorin biyu, kamar mai duka da wanda ake duka laifinsu ɗaya. Suka ce babu sulhu sai da adalci, babu yafiya sai da tuba. Ashe sukar da Malam ke yi yau a kan wa'azin da ke sanyaya jiki, fastoci sun riga shi yin ta tun 1985, da kaifin da ya fi nasa.

Idan Malam bai yarda da ni ba, to ya yarda da gwamnatin wariyar, domin ta fi mu sanin inda yake mata ciwo. Ta kafa kwamitin Eloff don binciken majalisar coci-cocin ƙasar lokacin da Tutu ke babban sakatarenta. A watan Agusta 1988 aka tayar da bam a Khotso House, hedikwatar majalisar a Johannesburg, kuma daga baya ministan 'yan sanda Adriaan Vlok ya amsa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa cewa su ne, da umarnin shugaba P.W. Botha. A 1989 aka shafa guba a tufafin Frank Chikane, babban sakataren majalisar na lokacin, ya sha da ƙyar, a 2007 kotu ta samu Vlok da laifin. Har yau akwai alamun harsashi a cocin Katolika ta Regina Mundi a Soweto, inda ɗalibai suka fake a 1976. Gwamnati ba ta ɓata bam da guba a kan masu yi mata aikin kwantar da jama'a.

Shi kansa takunkumin da Malam ke jingina nasara gare shi, wa ya ɗauko shi? Ba na rage wa ƙasashen Afirka komai. Nijeriya ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a 1979, ma'aikatanta sun ba da gudummawa daga albashinsu, kuma marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya. Amma a London da New York, inda bankuna suke, akwai hannun coci dumu-dumu. Tun 1970 Majalisar Coci-coci ta Duniya ta fara ba ƙungiyoyin 'yanci, har da ANC, tallafin kuɗi, abin da ya jawo mata zagin goyon bayan ta'addanci. A 1971 cocin Episcopal ta Amurka ta yi amfani da hannun jarinta a General Motors ta nemi kamfanin ya fice daga ƙasar. A 1986 Tutu ya fito fili ya nemi a ƙaƙaba wa ƙasarsa takunkumi, alhali yana zaune a cikinta, a shekarar kuma majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar duk da ƙin amincewar shugaba Reagan. Da gwamnatin wariya ta taƙaita ƙungiyoyi 17 a watan Fabrairu 1988, har da gamayyar 'yan adawa ta UDF, shugabannin coci ne suka fito da rigunansu suka nufi majalisar dokoki, aka kama su. Raba takunkumi da coci a wannan tarihi ba zai yiwu ba.

Ita ma NGK ta motsa, ko da a makare. A 1986, ƙarƙashin Johan Heyns, ta ce nuna wariyar jinsi zunubi ne, ta buɗe ƙofa ga kowa, dubban masu tsattsauran ra'ayi suka ɓalle suka kafa tasu cocin a 1987. A taron Rustenburg na 1990 farfesan tauhidi Willie Jonker ya miƙe ya amsa laifi a madadin kansa da cocinsa da mutanensa. A watan Nuwamba 1994 wani ya harbe Heyns ta taga a gidansa na Pretoria, a gaban matarsa da jikokinsa, ba a kama kowa ba. Ba na cewa wa'azi kaɗai ne ya sa sama da kashi 68 cikin 100 na Turawa suka zaɓi a ci gaba da tattaunawa a ƙuri'ar raba gardama ta Maris 1992. Bashi ya yi musu katutu, yaƙin Angola ya gajiyar da su, Tarayyar Sobiyet da ake tsoratar da su da ita ta rushe. Sai dai a lokacin da suka shiga rumfar zaɓe babu sauran limamin kirki da zai ce musu riƙe mulkin nan umarnin Allah ne.

Magana ta uku ita ce inda Malam ya fi kusa da gaskiya, amma ya jefi wanda ba shi ne ba. Haƙiƙa Afirka ta Kudu na sahun gaba a duniya wajen tazara tsakanin mai shi da mara shi, kuma rabon ƙasar noma da dokar filaye ta 1913 ta fara lalatawa bai gyaru ba. Amma afuwa ga masu laifi 'yan siyasa ne suka ƙulla ta a kundin riƙon ƙwarya na 1993, kafin a naɗa Tutu shugaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa. Hukumar ta yi aiki da sharaɗin faɗin gaskiya dalla-dalla, kuma cikin sama da mutum 7,000 da suka nemi afuwa, mafi yawa an hana su. Ta ba da shawarar a biya waɗanda aka zalunta diyya na shekara shida, a kuma sa haraji na musamman a kan masu dukiya. Gwamnatin Mbeki ce ta yi watsi da harajin, a 2003 ta ba kowane wanda aka zalunta rand 30,000 sau ɗaya. Shari'o'in da hukumar ta miƙa wa masu gabatar da ƙara suka yi shekaru a aljihun tebur. Tutu da kansa ya yi ta ƙorafi a kan haka har ƙarshen rayuwarsa. Mai neman wanda ya cinye haƙƙin talakan Soweto ya duba fadar gwamnati da ɗakunan taron kamfanoni.

Akwai kuma abin da mu Musulmi bai kamata mu manta ba. Imam Abdullah Haron na Cape Town ya rasu a hannun 'yan sandan ciki a watan Satumba 1969, bayan kwana 123 a tsare, suka ce daga bene ya faɗo. A majami'ar St Paul ta London aka yi taron tunawa da shi. A 1971 wani limamin Anglika, Bernard Wrankmore, ya hau tsaunin Signal Hill ya zauna kusa da hubbaren wani waliyyin Musulmi, ya yi kwana 67 bai ci abinci ba, yana neman a binciki mutuwar limamin wani addini da ba nasa ba. Sai a 2023 kotu ta tabbatar cewa azabtarwa ce ta kashe Imam. A zanga-zangar 13 ga Satumba 1989, wadda mutum kusan 30,000 suka fito daga majami'ar St George, Sheikh Nazeem Mohamed na sahun gaba tare da Tutu da Boesak.

Ma'aunin da Malam ya ɗauko yana da haɗari ga kowa. Idan laifin masu addini ya isa a ce addinin ba shi da abin faɗa a kan adalci, gobe wani zai ɗauko kasuwar bayi ta Zanzibar da wulaƙancin da baƙaƙen 'yan ci-rani ke sha a Libiya, ya yanke wa Musulunci irin wannan hukunci. Mu kuma za mu kawo masa Bilal da huɗubar ban kwana, mu ce a auna addini da abin da ya koyar da kuma mutanen da suka tsaya a kansa lokacin da tsayuwar ke da tsada. Abin da muke nema wa kanmu shi ya kamata mu ba wasu.

Idan Malam na son wurin da sukarsa za ta yi amfani, akwai shi. Coci-cocin baƙaƙe da 'yan ruwa biyu na gidan NGK sun haɗe tun 1994, uwar kuwa har yanzu tana gefe, kuma yunƙurin sanya shaidar Belhar cikin aƙidunta bai samu rinjayen da ake buƙata ba a 2015. Teburin da aka raba a 1857 bai gama haɗewa ba. Duk wanda zai tuhumi NGK a kan wannan, da hujjar Belhar zai tuhume ta, wato da tauhidin nan da Malam ya ce ba shi da amfani.